Zaɓen Abokin Kafa Kamfanin Fasaha: Darasi Daga Takardar Da Mutum Uku Suka Sa Wa Hannu

Ran 1 ga watan Afrilu na shekarar 1976, waɗansu mutum uku a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka sa hannu a kan takardar yarjejeniyar kafa kamfanin ƙera kwamfuta, wanda suka raɗa wa suna Apple. Biyu daga cikinsu samari ne, watau Steve Jobs mai shekara 21 da Steve Wozniak mai shekara 25. Na ukun, Ronald Wayne, ya girme su nesa ba kusa ba, domin shekararsa 41, kuma shi ne ya tsara takardar. Samarin kowannensu ya sami kashi 45 cikin 100 na kamfanin, shi kuwa Wayne aka ba shi kashi 10, domin ya zama mai raba gardama idan sun saɓa.

Ba a yi mako biyu ba Wayne ya janye, aka biya shi dala 800, daga baya aka ƙara masa dala 1,500 don ya saki duk wani haƙƙinsa. A cikin 2018 darajar Apple ta kai dala tiriliyan ɗaya. Masu ba da wannan labari sukan tsaya ga yawan dukiyar da ta kuɓuce masa. Amma ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke shirin haɗa kai da wani su kafa kamfanin fasaha, dalilin janyewar ya fi kamata a duba.

Abin Da Ya Sa Wayne Ya Janye

Irin tarayyar da suka ƙulla ba ta raba dukiyar kamfani da ta masu shi ba. Idan bashi ya hau kan kamfani, mai bin bashi yana iya kama dukiyar kowane ɗaya daga cikinsu. A daidai lokacin nan Jobs ya karɓo aikin kwamfuta 50 daga wani kanti mai suna Byte Shop, ya kuma ɗauko kayan haɗa su bashi. Samarin nan ba su da abin da za a kama. Wayne kuwa yana da ɗan abin hannunsa, kuma ya taɓa kafa kamfani ya karye, ya san ɗacin biyan bashi.

Watau ke nan babu wanda ya ci amanar wani. Abin da kowannensu zai yi asara idan abu ya ɓaci ne bai zo daidai ba. Tambayar farko da ta kamata abokan tarayya su yi wa juna ke nan: idan kamfani ya shekara bai kawo ko kwabo ba, wa zai iya jurewa, wa kuma ke da iyali da bashin da ba za su bar shi ya jira ba?

Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Shekara 37 kafin Apple, a garin Palo Alto na wannan jiha, William Hewlett da David Packard suka kafa kamfaninsu a cikin garejin mota da jarin dala 538. Sun san juna tun suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, inda suka gama a 1934, malaminsu Frederick Terman kuma shi ne ya ƙarfafa musu gwiwa. Sai a ran 1 ga Janairun 1939 suka ƙulla tarayya, watau bayan shekaru suna ganin aikin juna. Da aka zo batun sunan wanda zai zo farko, kwabo suka jefa sama, aka sami Hewlett-Packard. Tarayyar ta ɗore musu har tsufa.

Haka ma Jobs da Wozniak, tun 1971 suka san juna, sun kuma ƙera wata ƙaramar na'urar tarho sun sayar tare kafin su yi tunanin kwamfuta. Bill Gates da Paul Allen sun gwada wani ƙaramin kamfani na ƙididdigar motoci a kan titi, wanda bai yi nisa ba, kafin su kafa Microsoft a 1975.

Wani malami a makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard, Noam Wasserman, ya wallafa littafi a 2012 bayan ya binciki bayanan masu kafa kamfanoni kusan 10,000. Ya gano cewa tarayyar waɗanda suka taɓa aiki tare ta fi ɗorewa a kan ta waɗanda abota ko zumunci kawai ya haɗa. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Aboki yakan ji nauyin gaya wa abokinsa cewa aikinsa bai yi ba, ƙane kuma ba ya iya tambayar wansa lissafin kuɗi. Maganar da aka haɗiye don kunya ita ce take fashewa ranar da kuɗi suka shigo.

Saboda haka mai neman abokin tarayya ba sai ya tafi nesa ba. Wanda aka yi aikin kammala karatu tare da shi, ko wanda aka zauna ofis ɗaya aka ga yadda yake cika alkawari, ya fi wanda aka haɗu da shi a wurin taro ya iya zuba magana. Idan kuwa baƙo ne, sai a ɗauki wani ƙaramin aiki mai wa'adi a yi tare na 'yan watanni tukuna.

Kowa Da Abin Da Ya Iya

Wozniak shi ne ya zana kwamfutar Apple ta farko ya haɗa ta. Jobs bai kai shi sanin injiniya ba, amma shi ya nemo mai saye, ya nemo kaya, ya tsayar da farashi. Da dukansu maƙera ne, da na'urar ta ƙare a hannun abokai; da dukansu 'yan kasuwa ne, da babu abin sayarwa. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mutum uku 'yan aji ɗaya, masu sani iri ɗaya, su haɗu, a rasa mai zuwa wurin masu saye ko mai riƙe littafin kuɗi.

Akwai kuma batun lokaci. Wozniak ma'aikacin Hewlett-Packard ne sa'ad da ya yi zanensa, har sai da ya fara nuna wa kamfanin, suka ce ba su so. Ya yi ta jan ƙafa wajen barin aikinsa, sai da Mike Markkula, wanda ya zuba jari aka mai da Apple cikakken kamfani a Janairun 1977, ya sa sharaɗin cewa sai ya bari ya fuskanci abu guda.

Rabon Hannun Jari

Inda tarayya ta fi ɓaci shi ne wurin rabo. A 2004 Eduardo Saverin ya ba da kuɗin farko na kafa Facebook, yana da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da Mark Zuckerberg ya koma Kalifoniya da aikin, Saverin ya tsaya a New York, sai saɓani ya shiga, aka sake tsara kamfanin aka rage kasonsa ƙwarai. Magana ta kai kotu, sai a 2009 aka sasanta, aka tabbatar da sunansa a cikin waɗanda suka kafa kamfanin.

Domin kauce wa irin wannan, masu kafa kamfanonin fasaha suna da wata al'ada ta mallakar hannun jari sannu a hankali. Akan rubuta kason kowa, amma ba ya zama nasa gaba ɗaya sai ya yi shekara 4 yana aiki. Wanda ya tafi kafin shekara guda ba shi da komai. Idan ya cika shekara sai rubu'in kasonsa ya tabbata, sauran kuma ya riƙa shigowa wata-wata. Alal misali, mai kashi 40 da ya tafi bayan shekara 2 zai tafi da kashi 20, ragowar ta koma wa kamfani. Wannan ya kare mai zama, ya kuma kare mai tafiya, tun da kowa ya san matsayinsa tun ran farko.

Ban da rabo, takardar ta kamata ta faɗi wanda ke da maganar ƙarshe idan an saɓa, ta kuma tabbatar cewa duk abin da aka ƙirƙira mallakar kamfani ne, ba na wanda ya rubuta shi a kwamfutarsa ba.

Abin Da Doka Ta Ce A Nijeriya

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai a Hukumar Rajistar Kamfanoni, abin da a da sai mutum biyu. Don haka ba dole ba ne a jawo ɗan'uwa a sa sunansa don kawai a cika sharaɗi. Ya kamata kuma a bambance rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki. A ta farko bashin sana'a yana bin mai ita har gida, watau abin da Wayne ya guda ke nan.

Ma'aikatan gwamnati suna da ƙarin abin lura. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulki na 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ɗalibin da ya ɗauki ma'aikaci a matsayin abokin gudanarwa ya jawo wa kansa da shi matsala, sai fa idan ma'aikacin ya yarda zai ajiye aiki, an kuma rubuta ranar.

Ita kuwa takardar da Wayne ya tsara, ya adana tasa shekaru, sa'an nan ya sayar da ita dala 500. A 2011 aka yi gwanjonta a New York, ta tashi a kan kusan dala miliyan 1.6. Ya sha faɗa a hirarraki cewa bai yi nadamar janyewa ba, domin ya yanke shawara ne bisa abin da ya sani a lokacin, amma sayar da takardar ya dame shi.