Sunan Uba Ko Sunan Gari?

Lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ne, wani shagon kwamfuta a Birnin Kudu ya cika maƙil, janareta na ta ruri a bakin ƙofa. Ina zaune a benci ina jiran a buga mini takarda, sai layi ya zo kan wani saurayi da ya ce tun da asuba ya baro Dingaya. Mai shago ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Sunanka?" Yaro ya faɗa. "Sunan Baba?" Ya sassauta murya ya faɗa, kai ka ce tsohon zai jiyo shi daga can ƙasar Gwaram. "To, wanne za mu sa a gurbin sunan iyali?" Nan fa aka tsaya. Yaro ya zaro takardu daga leda. A shaidar firamare sunansa ne da na mahaifinsa, sai Dingaya a ƙarshe. A ta sakandare an yar da Dingaya, an sa sunan kakansa. A katin ɗan ƙasa kuwa sunan mahaifin ne ya koma ƙarshe. Ya ce, "Yaya, ai duk ni ne." Mai shago ya ce, "Ƙanena, ni na yarda. Na'urar ce ba ta yarda ba."

Dukansu biyu suna da gaskiya. Abin da fom yake nema, wato suna guda da zai bi zuri'a daga kaka har tattaɓa kunne ba ya motsi, ba mu gaje shi ba. Bahaushe yana da sunan yanka da ake raɗa masa ran bakwai, yana kuma da laƙabin da yakan danne na yankan har a manta da shi. Wanda aka haifa ran Juma'a Ɗanjuma, namijin da ya biyo mata Tanko, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda ya daɗe a ciki Shekarau. In ana son a bambanta shi da takwaransa sai a jingina shi da uba, ko gida, ko sana'a: na gidan maƙera, ɗan Liman, na Sarkin Fawa. Sauran bayani tsagar fuska ta gama shi. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, me za a yi da ƙari?

Tsarin jingina ɗa ga ubansa yana da gindin zama a addini, domin aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umarni da a riƙa danganta mutane ga iyayensu maza. Sai dai tafiyarsa irin ta mai hawan tsani ce, kowane taki sai an saki na baya. A ce ga Musa ɗan Haruna. Shi Musa Haruna ne, ɗansa Idi Musa, jikansa Sani Idi. Kafin a je ko'ina Haruna ya ɓace daga takarda, sai dai a bakin tsofaffin gida.

Makarantar boko ce ta fara matsa mana. Malami ya buɗe rajista ya tarar da Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji guda, ga kuma alkunya da ke hana yaro ambaton sunan mahaifinsa gatsal a gaban mutane. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambaye shi daga ina ya zo. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Isa Kaita. Malam Aminu Kano ɗan Malam Yusufu ne, amma da birninsa duniya ta san shi. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ne a Kwalejin Katsina, daga baya ne ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ba sai mun je nesa ba. Ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta ba Jigawa gwamnoni biyu tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, kuma kowannensu da irin sunansa. Barista Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko daga 1992 zuwa 1993, ya jera uku ne cif: nasa, na uba, na gari. Sule Lamiɗo kuwa, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, mutumin Bamaina ne amma bai ɗauki Bamaina ba. Lamiɗo kalmar Fulatanci ce mai nufin mai mulki, ita ce ake ji a Lamiɗon Adamawa, kuma ta riga ta zauna a gidan, tun da ɗansa Mustapha da ya yi takarar gwamna a 2023 da ita yake amsawa. A ɓangaren Gwaram ma marigayi Yuguda Hassan Kila, wanda ya wakilci yankin a Majalisar Wakilai ta tarayya, sunan garinsu ya rataya. Duk wanda ya taɓa duba jerin ma'aikata a Dutse ya ga su Sara da Basirka da Fagam da Kiyako sun yi layi a ƙarshen sunaye, kamar ana karanta allon tashar mota.

Ni dai ina son wannan al'ada, don tana sa ɗan ƙauye ya tafi da ƙauyensa duk inda boko ya kai shi. Wa zai san Kwankwaso ko Ganduje a Legas in ba don 'ya'yansu ba? Amma tana da mishkila biyu. Ta farko, mutum ɗari na iya amsa sunan gari ɗaya ba tare da sun haɗa ko da kaka ba. Ta biyu, garuruwan kansu suna da takwarori. Abubakar Rimi, gwamnan tsohuwar Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, Rimin Sumaila ne nasa, ba Rimin Katsina ba. Akwai Wurno a ƙasar Birnin Kudu, akwai kuma Wurnon Sakkwato inda kabarin Muhammadu Bello yake. In ka ga Wurno a ƙarshen sunan mutum, tambaye shi tukuna kafin ka gaishe shi da Sakkwatanci.

Wannan Wurno ta Sakkwato ma ta yi wata doguwar tafiya. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas har Sudan. Garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, har gobe Mai Wurno ake ce masa. Gari ya ba mutum suna, mutumin ya ɗauke shi a ƙafa ya kai shi wata ƙasa, ya mayar wa wani garin.

Sunayen da suka kafu suka zama na zuri'a a wurinmu, in ka bincika, suna ne na wani mutum guda da ya yi girman da 'ya'ya da jikoki ba sa son rabuwa da shi. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan fataken goro da aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, sunan wata tsohuwa ce da ta rene shi, Tata, ya bi shi. Yau ga Ɗantata a jikin kamfanoni da manyan motoci, sunan mai reno ya rayu fiye da na attajirai da yawa. Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatu a nan Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu a shekarun 1970, jinin Ɗantata ne ta wajen uwa, sunan da yake amsawa kuwa na wajen uba ne. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, amma daga Musa zuwa 'ya'yansa Shehu da Umaru ta tashi daga sunan unguwa ta koma na gida.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka bi wannan hanya. Masu kallon ƙwallo da suka ga gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, wadda Najeriya ta fara halarta, ba za su manta da ɗan wasan Romaniya Gheorghe Hagi ba. To, Hagi ɗin nan Alhaji ne. Kalmar ta shiga yankinsu ta bakin Turkawa zamanin Daular Usmaniyya, Kiristocin wurin kuma suka riƙa laƙaba ta ga wanda ya je ziyara Ƙudus ya dawo, har ta zama sunan gida. Abokin wasansa Popescu kuwa, in aka fassara, Ɗanliman ne: popa shi ne limamin coci, ɗafin escu kuma yana yin aikin da "ɗan" ke yi a wurinmu. Ionescu zuri'ar Ion ne, wato Yahaya. Suna da wani ɗafin, eanu, mai aikin "ba" ɗinmu na Bakano da Bakatsine: Munteanu mutumin kan dutse, Moldoveanu mutumin Moldoba. Ciobanu makiyayi, Fieraru maƙeri, Olaru maginin tukwane. Uba, gari, sana'a, muƙami, rijiyoyin da muke ɗiba su ma su suka ɗiba. Bambancin kawai shi ne hukuma ta daskarar da nasu. A 1895 Romaniya ta yi dokar da ta wajabta wa kowa sunan iyali tsayayye, Turkiyya ta yi tata a 1934. Daga ranar, ɗan Popescu Popescu ne ko da bai taɓa leƙa coci ba. Da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, 'yan ci-rani suka kwarara Italiya da Sifen, sunayen suka bi su, ta yadda mai bincike zai iya bin sawun gida guda a taswira.

Mu namu sawun ya fi fitowa ne idan mun bar gida, inda baƙi suke raɗa mana suna a dunƙule. A Makka da Madina da Jidda akwai dubban mutane masu amsa Hausawi, jikokin alhazan da suka tafi a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna tafe suna noma a hanya, suka isa ba su dawo ba. Tawagar Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha tana da Hausawi har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Haka Fallata, haka Barnawi mai nuni da Barno, sunan da Rayyana Barnawi, 'yar Saudiyya ta farko da ta je sararin samaniya a watan Mayun 2023, take ɗauke da shi. A Gana ma babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, da Karaci aka san shi, garin da ya zauna a bakin kogin Bolta.

Wani abin da ke raba suna ɗaya gida biyu shi ne alƙalamin Bature. Usman ɗin Daura da Ousmane ɗin Damagaram mutum ɗaya aka yi wa takwara, Yusufun Katsina shi ne Issoufou a Maraɗi, Ingilishi da Faransanci ne suka ja layi a tsakani. A gida ma na'ura ta cinye mana lanƙwasa, Ɗantata ya koma Dantata, Ɓalewa ya koma Balewa. Muhammad kuwa ya isa a rubuta shi iri biyar a takardun mutum guda.

Da can wannan duk ba ya hana kowa barci. Yanzu kuwa akwai lambar banki ta BVN tun 2014, ga lambar ɗan ƙasa ta NIN da aka ɗaure da layin waya a ƙarshen 2020, hukumar JAMB kuma ta wajabta ta ga masu jarrabawa daga 2021. Waɗannan rumbunan suna duba juna, harafi ɗaya ya saɓa sai a ce ba kai ba ne. Kuɗin fansho ya maƙale, fasfon aikin Hajji ya tsaya, gurbin karatu ya wuce. Mata sun fi shan wuya, musamman wadda ta sauya sunan mahaifinta da na miji bayan aure, abin da ba addini ne ya ce ba, ba kuma al'adarmu ba ce, kwaikwayo ne. In auren ya mutu, ga ta da takardu masu sunan mutumin da ba ta son ko jin labarinsa.

Shawarata ga magidanta ita ce a yanke magana tun ran suna. Uba ya zaɓi abin da zai zama na ƙarshe ga 'ya'yansa duka, nasa ne ko na kaka ko na gari, a rubuta shi a takardar haihuwa da harafin da aka yarda da shi, ranar kai yaro firamare kuma a tafi da takardar a hannu maimakon a bar malami ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Wanda yake son garinsa ya fito, ya sa shi tun farko, kada ya bari sai ya shiga siyasa ya liƙa.

Shi dai saurayin Dingaya, mai shago ya ba shi shawarar ya bi abin da ke katin ɗan ƙasa, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa a kan sauran. Ya tsaya jim yana kallon shaidar firamarensa, sannan ya tambaya ko akwai wani gurbi da za a sa Dingaya. Mai shago ya gangara ƙasan fom ɗin ya nuna masa da yatsa: garin haihuwa. Ya ce a sa a nan ɗin, ya biya kuɗi, ya mayar da takardunsa cikin leda ya fita neman motar Gwaram.