Abin da ya sa kebul mai arha ke kasa tura hoto

Masu gyaran wayar salula a Tambuwal da Kebbe sun saba ganin kebul da ke yin caji, amma ya kasa tura hoto zuwa kwamfuta.

Saƙo mai sauri yana bin wayoyi biyu ne da aka murɗe, kowace na ɗauke da kishiyar ta ɗayar. Na'urar da ke karɓa bambancinsu kawai take aunawa, saboda haka duk hayaniyar lantarkin da ta shafi wayoyin daidai wa daida ba ta tasiri.

A tsarin LVDS da kamfanin National Semiconductor ya ɓullo da shi a 1994, bambancin kimanin milivolt 350 ne kacal.

Kebul mai arha kuwa, wani lokaci ma ba shi da waɗannan wayoyi biyu.