Laifin Ɓera a Wuyan Jaɓa

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kunno kai, an fara jibge buhunan masara da shinkafa a ɗakuna, hukumomin lafiya kuma sun soma gargaɗi game da zazzaɓin Lassa, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a Damilu da Jambutu da sauran unguwannin Jimeta, tana yawo daga waya zuwa waya, daga majalisar dattawa zuwa gidan suna, wai ɓeran da ke ɗauke da wannan cuta shi ne jaɓa, mai tsinin baki da wari. Har hotonta ake haɗawa da saƙon, a ce wanda ya gan ta ya kashe, wanda ya kashe ta ya tsira. Na gaji da jin wannan magana daga bakin mutanen da ake zaton sun yi karatu, domin kuwa kuskure ne wanda illarsa ta wuce ta jahilci kawai: yana sa mai gida ya kwana da yaƙinin cewa ya kawar da sharri, alhali mai laifin na ainihi yana cikin buhunsa yana cin hatsi, yana fitsari a kai.

Masana ilmin dabbobi sun tara wani babban jinsi na halittu a ƙarƙashin suna guda, wato masu gaigaya, kuma nau'o'insu sun haura 2,000, kusan kashi 40 cikin 100 na dukkan dabbobi masu shayarwa. Alamarsu ɗaya ce: haƙoran gaba biyu a sama, biyu a ƙasa, masu kaifi, waɗanda ba su daina tsiro har mutuwa, sa'an nan babu fiƙa, sai giɓi tsakaninsu da turamen tauna. Wannan ne sababin da ya sa ɓera ke cin ƙofa da sabulu da wayar lantarki, don in bai goge haƙoran ba za su yi masa tsawo su hana shi ci. Ɓera da kusu, da gafiya wadda ake ce wa namijinta burgu, da gyazbin da ke ɓarna a gonar rake, da kurege, har da beguwa mai ƙaya, duk 'yan gida ɗaya ne. Zomo ya yi kusa da su, amma an ware masa nasa gidan.

Suna da dangi a ƙasashen sanyi waɗanda ba mu da su a nan. Akwai hamsta, wata 'yar gajeriyar halitta mai guntun wutsiya da jaka a kowane kunci, wadda ke tara hatsi a rami saboda lokacin sanyi. Irin wadda yaran Turai ke ajiyewa a keji galibinta ta samo asali ne daga uwa guda da 'ya'yanta da aka tono a wata gona kusa da Halab ta ƙasar Sham a 1930. Akwai kuma ƙananan ɓerayen ciyawa masu dunƙulallen jiki, waɗanda yawansu ke tumbatsa duk bayan shekara uku zuwa biyar ya cinye gonaki, sa'an nan ya faɗi warwas. Mu tamu mai jakar kunci ita ce gafiya, ko da yake masana sun ce zumuncinta da hamsta na nesa ne, kuma kakanninmu sun lura da wannan ɗabi'a tata tun kafin a rubuta ta a littafi, shi ya sa suka ce gafiya tsira da na bakinki. Ga wanda ya raina ta, ya sani cewa a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da irin wannan gafiya ta shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa da kuma cutar tarin fuka a cikin majina, har ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ya samu lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya.

To, jaɓa fa? Duk wanda ya taɓa duban gawarta da idon basira, ba da hannu ba, zai ga bakinta cike yake da ƙananan haƙora masu tsini, babu waɗannan manyan haƙoran gaigaya, babu giɓi, idanunta ƙanana ƙwarai, hancinta dogo yana motsi. Ita 'yar gidan bushiya ce, masu cin ƙwari, kuma tazarar da ke tsakaninta da ɓera a wajen masana ta fi wadda ke tsakanin ɓera da zomo nesa ba kusa ba. Abincinta kyankyaso ne da gyare da gara da tana da gizo-gizo. Ba ta huda buhu, ba ta tara hatsi, kuma in ka gan ta tana bin gindin bango da dare tana 'yar ƙararta, farautar abin da kai ma kake so a rage maka take yi. Warin nan da ya jawo mata baƙin jini daga wasu ƙulluttai yake fitowa a gefen jikinta, kuma shi ne garkuwarta, domin kyanwa takan kashe ta amma galibi ta ƙi ci, ta yar. Daga nan, a ganina, camfin nan ya samo tushe, na cewa jaɓa ba ta ƙetare hanya ta rayu: mutane suna tsintar gawarta a kan turba ba rauni bayyananne, sai suka yi ƙiyasi. Alhali ko dai kyanwa ce ta yar da ita, ko yunwa ce ta kashe ta, gama jikinta yana ƙona abinci da gaggawa ƙwarai, ba ta jure rashin ci na dogon lokaci.

Kada wani ya ɗauka ina wanke jaɓa ne har a bar ta ta shiga kwano. Ƙazanta ƙazanta ce, kuma duk dabbar da ke yawo a kwata ba ta da hurumi a wurin abinci. Abin da nake musu a kai shi ne a ce ita ce ma'ajiyar cutar, domin tarihin binciken a bayyane yake, kuma ya faro ne daga maƙwabtanmu. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba a garin Lassa, wanda ke ƙaramar hukumar Askira Uba ta Jihar Borno a yau, dab da iyakar Adamawa. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Wata ma'aikaciyar da ta yi jinyarta ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, aka ɗauke ta zuwa Amurka ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar aka sa mata sunan garin. Sai a 1972, lokacin da annobar ta ɓarke a yankin Panguma na ƙasar Saliyo, masu bincike suka kama ƙananan dabbobi iri-iri a gidaje da gonaki suka gwada, suka sami ƙwayar a jikin nau'in ɓera guda, wanda a littattafansu ake kira Mastomys natalensis, mu kuma muna iya ce masa ɓera mai nonuwa da yawa. Daga baya an same ta a wasu ɓerayen ma a Nijeriya da Gini, abin da ya ƙara faɗaɗa zargi a kan dangin ɓera, amma har yau wancan na farko shi ne babban matattara.

Shi wannan ɓera, abin takaici, ba shi da wata alamar muni da za ta firgita mutum. Matsakaici ne, gashinsa mai laushi, bayansa toka-toka da ɗan ja, cikinsa fari-fari, wutsiyarsa kusan tsawon jikinsa. Ba kamar baƙin ɓeran rufi ba, wanda wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, wanda kuma asalinsa baƙo ne da jiragen ruwa suka yaɗa daga ƙasashen Asiya. Macen tana da nonuwa da kan kai 24, cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya, kuma 'ya'yan kan ɗauki cutar tun suna ƙanana su rayu da ita lafiya lau, suna zubar da ita a fitsari da kashi. Da damina ɓeran yana gona da bakin fadama, irin su Geriyo da gaɓar Binuwai; idan an girbe amfani, an cinna wa daji wuta, ko ruwa ya yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 da aka saki ruwan madatsar Lagdo, sai ya biyo hatsi zuwa cikin gida. Wannan na daga dalilan da suka sa cutar ta fi tsananta daga Disamba zuwa Afrilu. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi yawan masu kamuwa a ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma Taraba ba sai an gaya wa mutumin Jimeta kusancinta ba, ga motoci nan kullum suna tashi daga tashar Jambutu.

Wani sabon salo kuma da na ji ana yi, wanda ya fi na farko wauta, shi ne mutum ya kashe ɓera, ya ɗaga shi da yatsu, ya kifar da shi yana ƙirga nonuwa don ya san ko mai cutar ne. Haba jama'a! In namiji ne me za ka ƙirga? Masanan da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni ma sau da yawa sai sun kai ɗakin gwaji kafin su bambance nau'i da nau'i. Hukuncin mai hankali shi ne ya ɗauki kowane ɓera a matsayin abin tuhuma.

Babu kuwa wani abu a cikin rigakafin da ya saɓa wa abin da muka taso muna ji a makarantar zaure. Ya tabbata a hadisai ingantattu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila in za a kwanta saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida, ya kuma lissafa shi cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa ko a Harami. Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun yi bayanin man da ɓera ya mutu a ciki, cewa in narkakke ne a zubar da shi duka, in daskararre ne a cire gawar da abin da ke kewaye da ita. Amma sai ka shiga gida ka tarar da tuwon dare a buɗe, randa ba murfi, buhun gari a ƙasa jingine da bango, bola a bayan katanga ta yi tsiri, mai gidan kuwa yana alfahari ya kashe jaɓa uku.

Hatsi da gari da gyaɗa a zuba su a durom ko bokiti mai murfi da ke kamawa sosai, in kuwa dole sai buhu, a ɗora shi a kan katako, a janye shi daga bango yadda za a iya zagayawa a share. Shanya masara da rogo da kuɓewa a gefen titi ko a dandaryar ƙasa, a bar su su kwana, a daina. A shimfiɗa a kan abu mai tudu, a kwashe kafin magariba. A fi tsananta hattara da abin da ake ci ba a mayar da shi wuta ba, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi da fura, domin dafuwa sosai tana kashe ƙwayar, jiƙo kuwa ba ya kashe ta. Abin da aka ga kashin ɓera a cikinsa ko alamar haƙorinsa, a haƙura da shi, asararsa ba ta kai kuɗin gadon asibiti ba. Kwanukan da suka kwana a waje a sake wanke su da sabulu kafin a zuba abinci. Ramuka a toshe su da siminti ko da fasassun kwalabe da laka, ƙasan ƙofa a buga masa gwangwani. Idan za a share ɗakin ajiya, a fara yayyafa ruwan bilic a jiƙa ƙasa, saboda ƙurar busasshen fitsari da kashi in ta tashi ana shaƙarta. Gawar ɓera kuma a ɗauke ta da shebur, ko a sa hannu cikin leda, a binne da zurfi, kada a wurga kan titi inda yara ke wasa.

Iyaye su kula da samarin da ke fita da karnuka da sanduna da rani suna cinna wuta suna tonon gafiya da ɓerayen daji, domin wurin fiɗa da babbaka jini na taɓa hannu, kuma wutar ita ce ke koro sauran zuwa cikin unguwa. Masu tallar maganin ɓera da lasifika a kasuwar Jimeta suna sayar da guba a ƙulle-ƙullen leda ba suna ba bayani, a barbaɗa a kan kifi a ajiye a tsakar gida, kaza ta ci, kyanwa ta ci, wani lokaci yaro mai rarrafe ya riga su. Tarko ya fi aminci, in kuwa za a sa guba, a sa ta inda hannu ba ya kaiwa, a kuma nemi gawar a kwashe. Kyanwa a bar ta ta yi aikinta. Mujiya ma, wadda ake jifa saboda camfin wai kukanta mutuwa ne, ɓera ne mafi yawan abincinta.

Cutar kan bayyana tsakanin kwana 6 zuwa 21 bayan kamuwa, kuma farkonta ba ya bambanta da zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai. Kusan mutum 80 cikin 100 ba ta tsananta musu, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kimanin 15 cikin 100 kan rasu, tana da haɗari ƙwarai ga mai tsohon ciki, kuma wasu daga waɗanda suka warke takan bar su da kurumta. Saboda haka zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro kwana biyu ko uku bai sauka ba, a bar zagayen kemis da ƙarin ruwa a gida, a nufi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a kuma gaya wa likita gaskiya in akwai ɓeraye a gidan ko an yi tafiya, domin maganin da ake bayarwa, ribabirin, ya fi amfani in an fara shi a kwanakin farko. Mai jinya kada ya taɓa jini ko amai ko fitsarin majiyyaci da hannu tsirara, kuma in Allah ya yi wa wanda ake tuhuma da cutar rasuwa, a bar wankan gawa da suturta ta a hannun jami'an lafiya masu kayan kariya, dangi su tsaya daga baya su yi masa salla.