Ohio, Jirgin Dakon Man da Ya Hana Malta Miƙa Wuya

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, sunayen janar-janar da na manyan jiragen yaƙi ne ke cika baki. Amma a watan Agustan 1942 Birtaniya ta tattara manyan jiragen yaƙin ruwa 2, da masu dakon jiragen sama 4, da matsakaita 7, da ƙanana masu sauri 32, ta tura su Bahar Rum domin su raka jiragen 'yan kasuwa 14 kacal zuwa Malta. A cikin 14 ɗin nan guda ɗaya ne ke ɗauke da mai zalla, sunansa Ohio, kuma ba don yaƙi aka ƙera shi ba. Ra'ayina shi ne, wannan jirgin haya shi ne zuciyar tafiyar, sauran rundunar duk dogarawansa ne. Wanda ya gane haka ya gane yadda yaƙin zamani ke tafiya: mai bindiga a gaba yana rataye ne a wuyan ɗan dako, kuma ɗan dakon nan sau da yawa farar hula ne da aka ja cikin wuta.

Malta ɗan tsibiri ne, kilomita 90 da ɗoriya kudu da Sisili, a tsakiyar hanyar da Italiya ke bi tana kai wa sojojinta da na Jamus kaya a Libiya. Daga tsibirin ne jiragen sama da jiragen nitso na Birtaniya ke tare wa Janar Rommel na Jamus guzurinsa. Shi ya sa Jamus da Italiya suka yi wa tsibirin ƙawanya, suna zuba masa bama-bamai dare da rana. Malta dutse ce, ba ta da dazukan itacen girki, ba ta da gawayi, ba ta da rijiyar mai. Da kananzir mata ke dafa abinci, da mai ake tayar da injunan turo ruwa da na niƙa da na lantarki. Ko da an kawo alkama, in babu mai ba za ta zama burodi ba. A watan Yunin shekarar an aika ayari biyu, ɗaya daga Jibralta ɗaya daga Iskandariya, jiragen kaya 17 ke nan, biyu kawai suka isa. Cikin waɗanda aka rasa har da jirgin mai na Amurka mai suna Kentucky, ɗan'uwan Ohio a ƙira. Lissafin Gwamnan Malta, Gort, ya nuna saura 'yan makonni tsibirin ya sallama.

Matsalar Birtaniya ita ce gudu. Ayarin da zai ratsa tsakanin Sisili da Tunisiya sai ya yi sauri, ga shi tankokinta masu nawa ne. Ohio kuwa, wanda aka ƙera a Chester ta jihar Pennsylvania a 1940 domin kamfanin Texaco, yana iya yin kusan kilomita 30 a sa'a, tsawonsa ƙafa 515, kuma da walda aka haɗa jikinsa, ba da ƙusoshi ba kamar yawancin jiragen zamanin. Ya iso kogin Clyde na Sukotilan ranar 21 ga Yuni 1942 da lodin fetur. Nan gwamnatin Amurka ta karɓe shi daga hannun masu shi ta miƙa wa ma'aikatar sufurin yaƙi ta Birtaniya, ita kuma ta damƙa shi ga kamfanin Eagle Oil. Aka sauke matuƙansa Amurkawa, aka ɗora Kyaftin Dudley Mason da mutane 77, 24 daga cikinsu sojoji ne masu kula da bindigogi, sauran duk ma'aikatan jirgin kasuwa. Gyaran da aka yi masa ya nuna an ɗauki darasi daga Kentucky, wanda bam ɗin da ya faɗi kusa da shi ya fasa masa bututun tururi ya bar shi tsaye. Sai aka ɗora injunan Ohio a kan matasan roba, aka tallafe bututun tururinsa da sifirin na ƙarfe da gumagumen katako, aka kafa masa bindigogin kakkaɓo jiragen sama, sannan aka zuba masa tan 11,500 na kananzir da man dizal.

Ayarin ya shiga Bahar Rum a daren 9 wayewar 10 ga Agusta. Ranar 11 jirgin nitso na Jamus ya nitsar da Eagle, ɗaya daga masu dakon jiragen sama. Da yammacin 12 ga wata jirgin nitson Italiya mai suna Axum ya saki nakiyoyinsa, suka sami jirage uku a tashi ɗaya: Cairo, da Nigeria, jirgin yaƙin da Turawan mulki suka laƙaba wa sunan ƙasar Najeriya kuma a kansa madugun rakiyar yake, da Ohio. Nakiyar ta huda gefen hagu na tsakiyar jirgin, rami mai faɗin ƙafa 24 da tsawon ƙafa 27. Kananzir ya kama da wuta, kamfas ya lalace, akalar tuƙi ta tsinke. Ma'aikata suka kashe wutar, ruwan tekun da ke kwararowa ta ramin ya taya su, babban injiniya James Wyld da mutanensa suka sake tayar da injin, aka koma tuƙi daga can bayan jirgi. Washegari da safe ya cim ma ayarin, maharan sama kuwa suka yi masa caa, don sun san wane ne shi. Jiragen saman abokan gaba biyu da aka harbo suka faɗo a kan benensa. Bama-baman da ke faɗawa dab da shi suka riƙa ɗaga shi daga ruwa suna maka shi, har tukwanen tururinsa suka mutu. Da yamma wani bam ya shiga cikinsa ya karya masa ƙashin baya. An fitar da mutanen daga jirgin fiye da sau ɗaya, suna komawa.

Abin da ya biyo baya aikin haƙuri ne. Igiyoyin ja suna tsinkewa, jirgin yana kewaya wuri ɗaya saboda ramin gefensa. Daga bisani ƙananan jiragen yaƙi biyu, Penn da Bramham, suka ɗaure kansu a gefensa dama da hagu, kamar yadda 'yan'uwa ke tallabe majinyaci zuwa asibiti, Ledbury da Rye suna taimakawa wajen ja da saita hanya. Wasu daga cikin waɗanda aka tsamo daga jiragen da suka nutse suka hau shi bisa radin kansu suka kama bindigogi, cikinsu har da Amurkawa biyu, Frederick Larsen da Francis Dales. Da safiyar 15 ga Agusta aka shigo da shi babbar tashar Valletta, ruwa na lasar benensa, jama'a sun cika ganuwa. Ranar ta dace da idin Santa Marija na Kiristocin Malta, kuma da sunan idin suke kiran ayarin har yau. An zuƙe kusan tan 10,000 na mai daga cikinsa, sannan ya zauna a ƙasan tashar.

Mai ja da wannan magana zai ce kuɗin ya yi yawa, kuma yana da hujja. Jiragen kaya 9 cikin 14 sun halaka, rundunar ruwa ta rasa Eagle da Cairo da Manchester da Foresight, mutane fiye da 500 sun mutu, har Roma da Balin suka yi shelar nasara. Sai dai ba a auna aikin rakiya da abin da aka rasa a hanya, ana auna shi ne da abin da aka je nema. Jirage huɗun da suka riga Ohio isa sun sauke kusan tan 32,000 na kaya, amma babu ɗayansu da zai iya ɗaukar man da tsibirin ke bukata. Da Ohio ya nutse, da asarar nan duka ta sayo abincin da ba a iya niƙawa ba a iya dafawa. Da shi ne Malta ta ja numfashi har watan Nuwamba, lokacin da wani ayarin ya iso lafiya ƙalau aka karya ƙawanyar.

Ja-in-ja ta biyu ta fi wannan kaifi. Wasu masana tarihi na ganin an zuzuta rawar Malta, suna cewa babbar matsalar Rommel ita ce ƙanƙantar tashoshin Libiya da nisan hamada, inda motocin dako ke shanye kaso mai tsoka na man da suke ɗauke da shi kafin su kai fagen fama. Suna kuma tunatar da cewa man jiragen sama a cikin gwangwaye ya zo a sauran jiragen, ba a cikin Ohio ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma bai kamata a ce jirgi guda ya ci yaƙin El Alamein, inda aka kayar da Rommel, ba. Amma a duba hujjar da kyau: ita kanta zancen dako take yi. Idan Rommel na fama da ƙarancin mai saboda nisa, to kowace tankar da aka nitsar masa ta fi ciwo, kuma bayan Agusta hare-haren Malta a kan jiragensa sun ƙaru, daidai lokacin da ya kai farmakinsa na Alam Halfa a ƙarshen watan bai kai labari ba. Jirgin nitso da dizal yake tafiya, filin jirgin sama kuma ba ya aiki a tsibirin da mutanensa ba su da ruwan sha.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayin mutanen da ke cikin irin waɗannan jirage. Doka na ba gwamnati ikon karɓe jirgi a lokacin yaƙi, a biya masu shi diyya, wannan lissafi ne mai sauƙi. Amma ɗan wuta da kuku da mai shafa wa inji giris, waɗanda suka shiga aiki don neman abinci, su ne aka zaunar a kan dubban tan na abin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Matuƙan jiragen kasuwar Birtaniya kusan 30,000 ne suka mutu a yaƙin. An ba Kyaftin Mason lambar George Cross, babbar lambar jarumta da ake ba farar hula, irin wadda aka ba tsibirin Malta kansa a watan Afrilun shekarar, kuma takardar yabon ta ambaci ma'aikatansa tare da shi. Jirgin kuwa bai sake tafiya da ƙarfinsa ba. Ya rabe biyu a tashar, aka yi amfani da shi a matsayin rumbun ajiya da masaukin sojoji. A ranar 19 ga Satumba 1946 aka ja rabinsa na gaba zuwa cikin teku aka nitsar da shi da harbin igwa, rabin baya ya bi shi ranar 3 ga Oktoba.