FASHIN BAƘI: An gama shan maganin olsa, ciki bai daina ciwo ba. Wane gwaji ne ke faɗin gaskiya?

A Ƙofar Sauri, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, da wuya a sami gidan da babu mai kukan olsa. Hanyar da akasarinsu ke bi kusan ɗaya ce. Zafin ciki da ƙwannafi su matsa wa mutum, ya nufi ɗakin gwaji a ɗebi jininsa, a miƙo masa takarda mai nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar H. pylori, ya wuce kemis ya sayi kwalin magani. Bayan mako ɗaya ko biyu magani ya ƙare, ciki kuwa yana nan yana ci. Sai ya koma a sake ɗibar jini, sakamako ya fito kamar na farko, ya sake sayen wani kwalin. A wannan gaɓar ce ake tafka asarar kuɗi da ta lafiya, domin gwajin jini ba ya iya bambance wanda ya warke da wanda bai warke ba.

Dalilin ba boyayye ba ne ga masana. Abin da gwajin jini ke nema shi ne sinadaran da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ƙwayar cutar, kuma waɗannan sinadarai kan zauna cikin jini watanni, wani lokaci shekaru, bayan ƙwayar ta mutu. Wato sawun ɓarawo ake gani, ko yana cikin gidan ko ya daɗe da ficewa. A ƙasar da cutar ta yi yawa irin Najeriya, matsalar ta fi tsanani. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Gastroenterology ta wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 87.7 cikin ɗari na 'yan Najeriya na ɗauke da H. pylori, adadi mafi yawa cikin ƙasashen da aka duba. Idan haka ne, da za a tara mutum goma masu ƙoshin lafiya a bakin kasuwa a ɗebi jininsu, mafi yawansu za su tashi da takardar da ke cewa suna da ita.

Gwajin da ke tabbatar da warkewa iri biyu ne, ban da leƙa ciki da na'ura a gutsuro ɗan nama. Akwai na bayan gida, wanda ke neman ɓurɓushin ƙwayar kanta, akwai kuma na numfashi, inda ake ba mutum wani sinadari ya sha sannan ya hura iska a auna. Dukkansu suna da sharaɗin lokaci: sai an cika aƙalla mako huɗu da gama shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma an yi mako biyu ba a sha omeprazole ko danginsa ba. Wanda ya yi gaggawa, ko ya ci gaba da haɗiyar omeprazole har ranar gwaji, yana iya samun sakamakon da ke cewa ya warke alhali ƙwayar laɓewa kawai ta yi. Wanda zafin ciki ya dame shi cikin makonnin jira, likita zai iya ba shi wani magani na daban da ba ya ɓata gwajin.

Me ya sa ciwon bai tafi ba?

Amsa ta farko ita ce mai yiwuwa ƙwayar ba ta mutu ba. Haɗin da aka fi sayarwa ya ƙunshi omeprazole da amoxicillin da clarithromycin, ko metronidazole wanda kowa ya sani da Flagyl. Likitoci a yau sun fi son a sha na kwana 14, amma akwai kwalayen da na kwana bakwai ne kacal, ga kuma masu ajiye magani da zarar sun ji sauƙi, ko ɗacin baki da gudawa sun ishe su. Flagyl kuwa ya zama abin da ake sha a kan kowace murɗawar ciki, shi ya sa H. pylori a yankunan Afirka da dama ta daina jin sa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'in da ya bijire wa clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin cutar da ake buƙatar sababbin magunguna a kansu. Don haka idan gwajin da ya dace ya nuna tana nan, maimaita haɗin farko ɓata lokaci ne. Sai an sauya, misali zuwa haɗin magani huɗu mai ɗauke da bismuth.

Amsa ta biyu ta fi wuyar karɓa: ƙwayar ta mutu, amma tun farko ba ita kaɗai ce ke haddasa ciwon ba. Fatar cikin tumbi kan ɗauki makonni kafin ta murmure. Wasu kuma ƙwannafinsu na tasowar ruwan tsami ne zuwa maƙogwaro. Akwai ɗimbin mutanen da ke fama da kumburin ciki da gyatsa da saurin ƙoshi, a leƙa cikinsu ba a ga gyambo ba, kuma bincike ya nuna kaɗan ne daga cikin irinsu ke rabuwa da ciwon saboda an kashe H. pylori. Sannan ga magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda ɗan acaba da lebura ke haɗiya da yamma don huce gajiya. Su kaɗai sun isa su huda ciki, ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya.

Duk da haka ba abin wasa ba ce. Tun bayan da likitocin Ostireliya Barry Marshall da Robin Warren suka gano ta a farkon shekarun 1980, aikin da ya samo masu kyautar Nobel a 2005, aka tabbatar ita ce babbar sanadin gyambon ciki, kuma a 1994 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta lissafa ta cikin masu jawo sankarar tumbi. Wanda ke aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin yana yauƙi, ko yake ramewa, ko abinci ke maƙale masa, ba mai jiran mako huɗu ba ne. Asibiti ya kamace shi nan take, Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Abin lura, bismuth ma kan baƙanta bayan gida ba tare da wata illa ba, likita ne zai tantance.

Inda hukuma ta shigo

Bisa ƙa'ida, masu ƙananan shagunan magani ba su da izinin sayar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin waɗannan, kuma Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, ce ke da alhakin sa ido. Kowa ya san yadda abin yake a zahiri. Ɗakunan gwaji ma suna da tasu hukumar mai kula da su, amma hakan bai hana a miƙa wa wanda ya gama magani takardar gwajin jini a matsayin hujjar cewa bai warke ba. Gwajin jini ya fi sauƙin samu, kuma a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya ke fitowa daga aljihun marar lafiya, mafi sauƙi shi ake zaɓa.

A 2022 aka sanya hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, Jihar Katsina kuma tana da tata hukumar. Tambayar da ta dace matasa su yi wa masu riƙe da ita da 'yan majalisar jiha ita ce ko gwajin bayan gida na H. pylori yana cikin abin da tsarin ke biya, kuma asibitocin gwamnati nawa ne ke yin sa. Akwai kuma batun ruwa. Galibi tun ana yara ake kamuwa da ƙwayar, ta baki, a gidaje masu cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa, kuma wanda ya warke yana iya sake ɗauka. A unguwar da ruwan famfo daga madatsar Ajiwa ba ya isa kowane gida, jarkar ɗan ga-ruwa ce ke cika randa, ba tare da kowa ya auna abin da ke cikinta ba.