Takardar Da A Ke Mannawa A Ƙofar Babbar Kotu

A harabar Babbar Kotun Jihar Kebbi da ke Birnin Kebbi, da kuma inda ta ke zama a Argungu, akwai wata takarda da ma'aikatan ofishin rajistara su kan manna a allon sanarwa. Ita ce jerin shari'un da Mai Shari'a zai ji, kowace da ranarta. Lauyoyi su kan duba ta su wuce, gama sun san abin da ta ƙunsa. Amma talakan da ya taso daga ƙauye da sammaci cikin aljihu, tilas ya nemi mai ilmin boko ya karanta masa, don da Turanci a ke rubuta ta. To, wanda a ka roƙa wannan taimako bai kamata ya tsaya ga kiran sunaye kaɗai ba, ya kamata ya iya gaya wa mutum irin shari'ar da ya ke ciki, da abin da za a yi ran nan, da abin da zai same shi in bai zo ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Kowane layi na takardar nan abu uku ya ke nunawa. Na fari lambar shari'ar, wadda ta kan ƙare da shekarar da a ka shigar da ita, watau da ka ga lamba ka san shekara nawa magana ta yi tana kotu. Na biyu sunayen masu shari'ar. Na uku kuwa dalilin da ya sa a ka sa ta ran nan. Daga sunayen nan ne za ka gane babban rabon da ke tsakanin shari'u, gama iri biyu ne: shari'ar hakki da shari'ar laifi.

In ka ga an rubuta sunan wane da na wane, ko kamfani da mutum, wannan shari'ar hakki ce. Misali, a ce wani ɗan kasuwa na Birnin Kebbi ya ba wani manomin fadamar Argungu kuɗi masu yawa a kan zai kawo masa shinkafa buhu ɗari da kaka, kaka ta zo ta wuce, ba shinkafa ba kuɗi. Ɗan kasuwan nan shi ne mai ƙara, shi zai biya kuɗin shigar da ita, shi zai nemo shaidunsa. Hukuma ba ruwanta, sai dai ta ba su alƙali. In sun shirya tsakaninsu, ko dattawa sun shiga sun sasanta, sai su gaya wa kotu ta rubuta sulhun, shi ke nan magana ta mutu. In kuwa an kai ga hukunci, ƙarshenta a ce biya bashi, ko biya diyya, ko tashi daga fili, ko bar abin da ka ke yi. Irin waɗannan su ne rigingimun ciniki da na filaye da na sarauta da ɓata suna, da ƙarar wanda ya ce an tauye masa hakkinsa na ɗan ƙasa, wadda sashe na 46 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai ta Babbar Kotu.

In kuwa ka ga an fara da sunan Jiha, sa'an nan sunan mutum ya biyo, wannan shari'ar laifi ce. A ce manoma biyu sun yi gardama a kan iyakar gona, ɗaya ya ɗaga sanda ya bugi ɗaya ya mutu. A nan dangin mamaci ba su ne masu ƙara ba, shaidu ne kawai. Mai ƙara ita ce hukuma, domin a idon doka wanda ya kashe rai ko ya yi fashi jama'a duka ya cuta. 'Yan sanda ke bincike, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ke gabatar da tuhuma, Antoni Janar na jiha kuwa sashe na 211 ya ba shi ikon shigar da irin wannan ƙara, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin hukunci. Akwai ƙananan laifuffuka da doka ta yarda a sasanta su, amma kisan kai da fashi da makami ba sa cikinsu. Ƙarshen shari'ar laifi ko a sallami mutum, ko a ci shi tara, ko a ɗaure shi, ko a yanke masa hukuncin kisa. Abu guda kuma ya kan haifi shari'a biyu: direban da ya yi ganganci ya karya mutum, hukuma ta tuhume shi da laifi, wanda ya karye kuma ya kai ƙarar neman diyya dabam.

Nauyin shaida ma ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar da malaman Malikiyya su ka sani tun da, cewa mai da'awa shi ke kawo hujja, tana nan a Dokar Shaida ta 2011. Amma a shari'ar hakki awo a ke yi, kamar an ɗora maganganun biyu a ma'auni, wanda tasa ta rinjaya ko da kaɗan shi ya ci. A shari'ar laifi kuwa rinjaye bai isa ba. Sashe na 135 ya ce sai an tabbatar da laifi har ba sauran shakka mai ma'ana, in shakka ta rage, wanda a ke tuhuma ne ke cin moriyarta. Saboda haka ganin sunan mutum a jerin nan ba ya nufin ya yi laifi. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce duk wanda a ke tuhuma marar laifi ne sai ran da a ka tabbatar. Mai karanta takarda ya kiyaye harshensa, kada ya koma gari ya ce an kama wane da sata, alhali ko shaida guda ba a ji ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abu na uku, watau dalilin ranar, shi ne mutane su ka fi ruɗewa a kai. Wata shari'ar an sa ta ne don a ambace ta kawai, a ga ko an kai wa kowa takarda, ko kowa ya shirya, sa'an nan a ba da wata rana. Wata don a karanta wa mutum tuhuma a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. Wata don a ji wani roƙo, kamar neman beli. Wata don sauraro, ran nan ne shaidu ke rantsuwa, lauyan ɗaya gefen ya yi musu tambayoyi. Wata don jawabin ƙarshe na lauyoyi, wata kuma don hukunci. Mutum ya kan kwaso shaidu biyar daga bakin gulbi, ya biya musu mota da abinci, ya tarar ranar ambato ce, cikin minti biyu an ɗaga. Da ya tambaya tun da wuri da bai yi wannan asara ba, matambayi ba ya ɓata.

Amma duk abin da a ka sa ranar dominsa, rashin zuwa ba da uzuri ba haɗari ne. Mai ƙarar hakki in bai zo ba, ba lauyansa, a kan kori ƙararsa, sai ya sake roƙo kafin a maido ta. Wanda a ke ƙara in an tabbata an kai masa sammaci ya ƙi zuwa, a kan ji maganar mai ƙara a yanke hukunci ba ya nan, wata rana sai ya ga ma'aikatan kotu sun zo ɗaukar kayansa. Wanda a ke tuhuma da laifi kuwa, in yana kan beli ya ƙi zuwa, sai a ba da waranti a kamo shi, wanda ya tsaya masa kuma a ce ya kawo shi ko ya biya kuɗin da ya sa wa hannu.

Mai karatu zai so ya san yadda a ka yi kotun nan ta samu. Kafin zuwan Turawa shari'a a ƙasar Gwandu hannun alƙalai da majalisar sarki ta ke, bisa mazhabar Malikiyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ja rundunar da ta ci Birnin Kebbi cikin 1805, ya rubuta littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda masu mulki da masu hukunci za su tafiyar da aikinsu. Da Turawa su ka ci ƙasar Sakkwato cikin 1903 ba su rushe kotunan nan ba, sai su ka karkasa su daraja daraja. Kotun Sarkin Gwandu tana cikin masu daraja ta ɗaya, tana da ikon yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai Gwamna ya yarda. A gefe guda kuma su ka kafa kotun lardi wadda Razdan ke shugabanta, ba a kuwa barin lauya ya tsaya a cikinta. Cikin 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, a ka soke kotunan lardi, a ka kafa Babbar Kotu da kotunan majistare, a ka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan sarakuna.

Wannan hanya ce ta jawo wata shari'a daga ƙasar Gwandu wadda har yau a ke koya wa ɗaliban lauya. Cikin 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta ji ƙarar Tsofo Gubba a kan En'en Gwandu. Kotun Sarki ta same shi da laifin kisan kai da gangan, ta yanke masa kisa. Amma bisa dokar laifuffuka da Turawa su ka kawo, wanda a ka tunzura ƙwarai ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi, Malikiyya kuwa ba ta ɗauki tunzura uzuri ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin kisan. Hankalin sarakuna da alƙalai ya tashi, gama sun ga an taɓa ikonsu, a ka yi shekaru ana ta gyara doka ana sake gyarawa. Daga baya, cikin 1958, gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Bisa shawararsu a ka yi dokar laifuffuka ta Arewa cikin 1959, ta fara aiki cikin 1960. Sashe na 221 nata ya sa kisa ga mai kisan kai, na 222 kuwa ya fitar da wanda a ka tunzura tunzura mai tsanani ba zato. Ita ce tushen dokar da Babbar Kotu ke hukunta laifi da ita, ko da ya ke an yi ta yi mata gyara. Kotunan sarakuna kuma an soke su cikin 1967. Da a ka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, ta sami Babbar Kotu tata, hedkwatarta a Birnin Kebbi.

Ba kowace magana ce ke hawa jerin nan ba. Ƙananan laifuffuka da ƙananan basussuka suna ƙarewa a kotunan ƙasa, sai in an ɗaukaka ƙara. Aure da saki da gado da wasiyya na Musulmi kotunan shari'ar Musulunci ke ji, ɗaukakarsu kuma tana zuwa gaban Alƙalin Alƙalai da abokan zamansa. Kebbi tana cikin jihohi 12 da su ka ba waɗannan kotuna ikon jin laifuffuka tun daga wajen shekarar 2000. Abin da ya shafi kwastan da kuɗin shiga na Tarayya da miyagun ƙwayoyi kuwa na Babbar Kotun Tarayya ne. Mutum in ya kai ƙara inda ba ta dace ba, ko da gaskiyarsa, sai a ce kotu ba ta da hurumi, ya koma farko.

Tun da ya ke rai da 'yanci a ke magana, doka ta yi wa wanda a ke tuhuma shinge. A fili a ke shari'a, kowa na iya shiga ya zauna ya ji. In ba ya jin Turanci, wajibi ne a ba shi tafinta kyauta. In laifin na kisa ne ba shi da lauya, kotu ta kan sa a ba shi, akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a da a ka kafa cikin 1976 saboda marasa hali. Har ma in ya ce ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, Mai Shari'a zai rubuta bai amsa ba, don tilas hukuma ta kawo shaidunta. Sashe na 294 ya ce a ba da hukunci cikin kwana 90 bayan an rufe shaida da jawabai. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja, amma da wa'adi: zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 90 a shari'ar laifi, wata 3 a hukuncin ƙarshe na shari'ar hakki.

Gaskiya ne shari'u su kan daɗe. Yau shaida bai zo ba, gobe ba a kawo ɗan kurkuku ba, jibi lauya yana wata kotu, ga kuma hutun shekara. Wanda ya fi shan wuyar wannan shi ne na tsare, wanda ba a same shi da laifi ba tukuna amma kwanakinsa na tafiya. Saboda haka in an kira ka shaida ka je ran da a ka sa, gama rashin zuwanka na kwana ɗaya ya kan ƙara wa wani bawan Allah watanni a tsare. In kuma maƙwabcinka ya kawo maka sammaci ka karanta masa, ka gaya masa irin shari'ar, da ranar, da abin da za a yi, ka kuma ce masa ya riƙe lambar ya tambayi rajistara kafin ya ɗauko shaidu. Allah ya raba mu da tsayawa gaban alƙali, in kuwa ta kama, ya sa gaskiya ce ta kai mu.