Tsagaita wuta daban, zaman lafiya daban: ina aka kwana tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa?

Tun da aka sanar da tsagaita wuta a Gaza a watan Oktoba na 2025, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mana a saƙonninku, daga wannan gefen iyaka da wancan: shin yanzu an gama ke nan? Wani ma cewa ya yi, me ya hana a kai su kotu a raba musu, kamar yadda aka yi wa Nijeriya da Kamaru a kan Bakassi? Tambaya ce mai kyau, kuma za mu zo kanta. Amma amsar ta farkon a taƙaice ita ce a'a, ba a gama ba. Tsagaita wuta na nufin an sauke bindiga, abin da ya sa aka ɗauke ta kuwa yana nan inda yake.

Tarihin mun sha bayar da shi, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. A 1917 Birtaniya ta yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a Falasɗinu, ƙasar da a lokacin Larabawa ne mafi rinjaye a cikinta nesa ba kusa ba. Bayan kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida a Turai, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 a watan Nuwamba na 1947, cewa a raba ƙasar biyu. Yahudawa, waɗanda suke kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar, aka ware musu wajen kashi 55 cikin ɗari. Shugabanninsu suka karɓa, Larabawa suka ce ba su san zance ba. Aka kafa Isra'ila a watan Mayu na 1948, aka gwabza yaƙi, kuma da ƙura ta lafa Isra'ila na riƙe da kusan kashi 78 cikin ɗari. Falasɗinawa sama da 700,000 suka tsere ko aka kore su daga gidajensu. Shi ne abin da suke kira Nakba, wato masifa. Sai kuma yaƙin kwana shida na 1967, inda Isra'ila ta ƙwace ragowar kashi 22 ɗin: Yammacin Kogin Jordan, gabashin Birnin Ƙudus da Zirin Gaza.

To ku riƙe wannan lissafi, don duk maganar "ƙasashe biyu" da kuke ji a labarai a kan wannan kashi 22 ake yin ta. Ƙungiyar PLO ta Yasser Arafat ta amince da hakan tun a 1988, lokacin da ta ayyana ƙasar Falasɗinu a birnin Aljiyas. A shekarar ne Nijar da Nijeriya da Chadi da Ghana suka amince da ita. Kamaru dai ba ta bi sahu ba.

Inda ya kamata mu zauna mu duba da kyau shi ne yarjejeniyar Oslo, domin a nan ne aka fi kusantar sulhu, kuma a nan ne aka dasa matsalar da ake fama da ita yau. Ranar 13 ga Satumba 1993 Arafat da firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka gaisa hannu da hannu a fadar White House. PLO ta amince da Isra'ila, Isra'ila ta amince da PLO a matsayin wakiliyar Falasɗinawa. Ku lura, ba ta ce ta amince da ƙasar Falasɗinu ba. Aka ce za a yi riƙon ƙwarya na shekara biyar, manyan batutuwa kuma, wato iyaka, Ƙudus, 'yan gudun hijira da matsugunan Yahudawa, a bar su sai daga baya. Daga bayan nan ne har yau bai zo ba.

A 1995 aka kasa Yammacin Kogin Jordan gida uku. Yankin A, kusan kashi 18 cikin ɗari, manyan garuruwa ke nan irin su Ramallah da Nablus da Jenin, Hukumar Falasɗinawa ke da mulki da tsaro. Yankin B, kusan kashi 22, hukumar na kula da makarantu da asibitoci, amma tsaro na hannun Isra'ila. Yankin C, kashi 60 cif ko kusa da haka, komai da komai na hannun Isra'ila: fili, ruwa, izinin gini, hanya. Abin da mutum ba zai gane ba sai ya ga taswira shi ne, A da B ba a haɗe suke ba. Tsibirai ne fiye da 160, yankin C ya kewaye kowanne. Ka tashi daga wannan gari za ka wancan, sai ka bi ta ƙasar da ba taka ke mulki ba, ka tsaya a shingen soja, ka jira a ga dama.

Ku 'yan kasuwa da direbobi da ke tsallaka iyaka kullum, ku ne za ku fi fahimtar wannan. Hukumar Falasɗinawa ba ta da ƙofar iyaka ko ɗaya da take riƙe da ita ita kaɗai a Yammacin Kogin Jordan. Gadar da ake bi a shiga Jordan, Isra'ila ke tsaronta. Kuɗin kwastan na kayan da ke shigowa Falasɗinu, Isra'ila ke karɓa bisa yarjejeniyar Paris ta 1994, sannan ta miƙa wa hukumar, kuma wannan kuɗi shi ne fiye da rabin abin da hukumar ke samu. Duk ranar da aka ɓata, sai a riƙe, malamin makaranta a Hebron ya kwana ba cikakken albashi. Kuɗin da ake kashewa a kasuwa ma shekel ne na Isra'ila. Yo wanda ba shi da iyaka, ba shi da kwastan, ba shi da kuɗinsa, gwamnati ce ko ƙaramar hukuma?

Sai matsugunai. Lokacin da aka sa hannu a Oslo, Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jordan ba su wuce 110,000 da ɗoriya ba, ban da na gabashin Ƙudus. Yau sun haura rabin miliyan, in ka haɗa da na Ƙudus sun wuce 700,000. Kada ku ɗauka bukkoki ne. Wasunsu garuruwa ne sosai, da jami'a da masana'antu da tituna nasu na kansu. Gwamnatocin Isra'ila na hagu da na dama duk sun gina. Kwamitin Sulhu ya ce haramun ne a ƙuduri na 2334 a 2016, Kotun Duniya ta ce mamayar kanta ta saɓa doka a watan Yuli na 2024, amma ginin bai tsaya ba. A watan Agusta na 2025 ma aka amince da shirin gini a wani fili da ake kira E1 gabas da Ƙudus, wanda in aka cika shi zai kusan yanke Yammacin Kogin Jordan gida biyu, arewa da kudu. A ganina wannan ne babban abin da ke cinye maganar ƙasashe biyu, domin shi ba ya jiran a zauna teburin shawara. Ana magana, siminti na bushewa.

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Oslo ba gini kaɗai ya kashe ta ba, jini ma ya kashe ta, kuma daga gefe biyu. A watan Fabrairu na 1994 wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna ya buɗe wuta a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron, ya kashe masallata 29. Hamas ta shiga tayar da bama-bamai a motocin bas cikin biranen Isra'ila, fararen hula suka yi ta mutuwa. A watan Nuwamba na 1995 aka harbe Rabin, kuma wanda ya harbe shi Bayahude ne ɗan uwansa mai ganin ya sayar da ƙasa. Taron Camp David na 2000 ya watse, kowa na ɗora wa ɗan uwansa laifi har gobe. Boren da ya biyo baya ya ci Falasɗinawa kusan 3,000 da Isra'ilawa kusan 1,000. Da yawa daga cikin Isra'ilawan da suka goyi bayan sulhu, a nan suka juya baya. Da Isra'ila ta kwashe mutanenta kusan 8,000 daga Gaza a 2005, Hamas ta ci zaɓe a 2006, ta kori Fatah daga zirin a 2007, rokoki suka ci gaba da tashi, sai darasin da talakan Isra'ila ya ɗauka ya zama: in ka janye, wuta za ta biyo ka. Darasin da Bafalasɗinen Gaza ya ɗauka kuwa shi ne, an fita daga ɗakin amma an kulle ƙofa ta waje, tunda Isra'ila da Masar sun toshe zirin shekara da shekaru.

Zirin nan fa ƙarami ne. Tsawonsa kilomita 41, bai kai tafiyar Katsina zuwa Maraɗi ba, faɗinsa a wani wurin kilomita shida kacal, kuma mutum sama da miliyan biyu ke ciki, mafi yawansu zuriyar waɗanda aka raba da gidajensu a 1948. Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas suka kutsa kudancin Isra'ila, suka kashe kusan mutum 1,200, akasarinsu fararen hula, suka yi garkuwa da kusan 250. Martanin Isra'ila ya ɗauki shekara biyu. Ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga mutum sama da 67,000 da aka kashe kafin tsagaita wutar, da mata da yara masu ɗimbin yawa, aka rusa mafi yawan gidaje, yunwa ta kashe wasu. Afirka ta Kudu ta shigar da ƙarar kisan ƙare dangi a Kotun Duniya, Isra'ila ta musanta.

Mu dawo kan tambayar kotu. Da Nijar da Benin suka yi jayayya kan tsibirin Lete, su biyun ne suka yarda suka kai kansu birnin Hague, aka yanke hukunci a 2005, aka bi. Bakassi ma, Kotun ta yanke a 2002, Nijeriya ta ji zafi amma ta miƙa a 2008. Abin da ya sa ya yiwu shi ne ƙasashe ne biyu masu cikakken iko, kowace ta yarda ɗayar na nan, rigimar kan wani yanki ce kawai. A Falasɗinu kuwa, abin da Kotun ta bayar a 2024 shawara ce, ba ta da 'yan sandan da za su tilasta. Mai iya tilastawa Kwamitin Sulhu ne, can kuma Amurka na da kujerar na-ƙi, ta kuma hau ta sau da dama don kare Isra'ila.

Ƙudus da 'yan gudun hijira su ne ƙashin da ya fi tsayawa a wuya. Harabar Masallacin Al-Aƙsa, alƙiblar Musulmi ta farko, ita ce dai wurin da Yahudawa ke ɗauka mafi tsarki a addininsu, bangon da suke addu'a a jikinsa na nan a gindinta, cocin da Kiristocinmu ke zuwa ziyara kuma tafiyar mintoci ce daga nan. Isra'ila ta ce birnin duka babban birninta ne, Falasɗinawa na son gabashinsa ya zama nasu. Su kuma 'yan gudun hijira da zuriyarsu, kusan miliyan shida ke cikin rajistar hukumar UNRWA. Suna riƙe da ƙuduri na 194 da ya yi maganar komawa gida, Isra'ila na cewa in suka dawo Yahudawa sun zama tsiraru a ƙasarsu.

To akwai alamar haske? Akwai, sai dai kada mu zuzuta ta. Ƙasashe sama da 150 cikin 193 sun amince da Falasɗinu, har da Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya da suka shigo a watan Satumba na 2025. Tayin da ƙasashen Larabawa suka yi a Beirut a 2002 na nan a kan tebur: a janye zuwa iyakar 1967, su kuma duka su ƙulla hulɗa da Isra'ila. Saudiyya na cewa ba za ta bi sahun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko ba sai an ga hanyar kafa ƙasar Falasɗinu. Kuma an taɓa kwashe matsugunai, a Sinai bayan sulhu da Masar, da kuma a Gaza.

Matsalar ita ce wa zai sa hannu. Majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a a watan Yuli na 2024 tana ƙin kafa ƙasar Falasɗinu, 68 da 9, Benjamin Netanyahu kuma ya sha nanata hakan da bakinsa. Mahmoud Abbas, an zaɓe shi a 2005 don wa'adin shekara huɗu, ya kai shekara 90 a duniya, ba a sake zaɓen shugaba ba. Mutumin da ƙuri'un jin ra'ayi suka daɗe suna nuna ya fi shi farin jini, Marwan Barghouti, yana kurkukun Isra'ila tun 2002. Hamas ta ce a takardarta ta 2017 za ta karɓi ƙasa a kan iyakar 1967, amma ba ta amince da Isra'ila ba, batun ajiye makamanta kuma shi ne shirin Donald Trump ya rataya komai a kansa. Rabon da ɓangarorin biyu su yi tattaunawar sulhu ta gaske gaba da gaba tun 2014.

Shi ya sa wasu, musamman matasan Falasɗinawa, suka fara cewa a manta da raba ƙasa, a ba kowa ƙuri'a ɗaya a ƙasa ɗaya. Tsakanin kogin Jordan da teku, Yahudawa wajen miliyan bakwai ne, Falasɗinawa ma wajen haka. Mafi yawan Yahudawan Isra'ila ba sa ko son jin wannan magana, saboda lissafin a bayyane yake.

Don haka in kuna bin labarai a watannin nan, ni dai shawarata kada hoton manya suna gaisawa ya ɗauke muku hankali. Ku saurari ko sojojin Isra'ila sun ja da baya daga ɓangaren Gaza da suka ci gaba da riƙewa bayan tsagaita wutar, ku saurari wanda aka miƙa wa mulkin zirin da makullin ƙofar Rafah, sannan ku kasa kunne ku ji ko motocin gini sun shiga filin E1.